Dokar da Ba Ta Shiga Akwati Ba

Wata Asabar ce a damunar 1986, an ɗauke ruwan safe, ƙasar gidanmu na Bolori tana ta tururi. Mu shida muna zaune a kan tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida, taswirar wasanmu shimfiɗe a tsakiya, mun danne kusurwoyinta da guntayen bulo. Maharbina, mutumin da nake wasa da shi a kan taswirar, ya iso mashigin kogi, saura taku huɗu ya shiga Baga. Na girgiza ɗan lido a tafin hannu na jefa, ya tsaya a kan ɗaya. Ya Kyari, ɗan wan babana, shi ke riƙe da littafin dokoki. Ya buɗe, ya ɗora yatsa a ƙasan shafi, ya karanta da muryar nan tasa irin ta masu labaran rediyo. Ya ce duk wanda ya jefa ɗaya a mashigi, kada zai taso ya cafke shi ya ja shi ƙarƙashin ruwa, kayansa duk su nutse, ba a fansarsa da dukiya ko da magani, kuma dole a yaga katinsa a gaban kowa. Ya miƙa hannu ya ɗauki katin maharbina ya raba shi biyu, ya haɗa ya sake rabawa. Da na ce ban yarda ba, sai ya turo mini littafin har bakin hanci ya ce, "Ga shi nan, Bukar, karanta da kanka." Aka kwashe da dariya, domin kowa ya san ban iya ba.

Wasan nan Ya Kyari ne ya ƙirƙiro shi. Ya girme ni da shekara biyu, yana aji shida a firamare, kuma lido ya gundure shi, ya ce wasa ne da ba mutane a ciki. Sai ya ce kowa ya zaɓi mutum guda ya zama shi: wani masunci, wani mai magani, wani falke. Tafiya za a yi daga Maiduguri zuwa Baga a ɗauko banda a komo. Shi ke ba da labarin abin da aka tarar a hanya, ko 'yan fashi, ko rijiya ta ƙafe, ko jaki ya ƙi tafiya. Kai kuma ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ɗan lido ya yanke hukunci. Tare da mu akwai 'yan biyun maƙwabtanmu, da Ladi da ƙanenta Yohanna, 'ya'yan Baba Ishaku, mutumin kudancin Borno da ke haya a gidanmu yana aikin akawu a ofishin cocinsu. Saboda wasan nan muka watsar da langa da ƙwallon tsumma. Da sassafe muke gama ɗibar ruwa a famfo da kai niƙa, don kada a kira mu ana tsakiyar tafiya.

Ni ban yi boko ba. Babana kafinta ne a bakin layinmu, ni ne babban ɗansa namiji, tun ina shekara bakwai nake riƙe masa katako ina goge shi. Abin da na samu a wurinsa shi ne hannu: in na ja layi da rula, ba ya karkacewa. Don haka duk wani abin da ake gani da ido a wasan nan aikina ne. Na zana taswirar a bayan kwalin sabulu, na yi kogi da bular wanki, daji da ɗanyen ganye da na murje, hanya da jar ƙasa. Katunan na yanka su daga kwalin sukari, girmansu ɗaya. Ɗan lidon ma ni na sassaƙa da guntun maɗaci. Littafin dokoki kuwa raba aiki muka yi. Ya Kyari zai ce mini wannan doka doguwa ce, ba ni layi biyar, waccan gajera ce, ba ni uku. Ni in zana akwati in ja layukan, shi ya cika da rubutu. Katin maharbina kwana uku na yi ina zana shi, da bakansa da kwarinsa, har tabon da ke goshin babana na sa masa. Duk lokacin da ya ƙara ƙarfi sai in ja masa zane da jan biro a gefe. Shekara guda muna tare, yana da zane goma sha ɗaya, ya fi falken Ya Kyari da biyu.

Da yammar ranar ina yankar wa tumaki ciyawa a bayan gida, idona yana ta kawo ruwa, sai hoton shafin nan ya faɗo mini. Na san akwatin da ya ɗora wa yatsa. Ni na zana shi, a can ƙasan shafi inda wuri ya ƙare, layi biyu kacal na samu na ja. Abin da ya karanta kuwa ko layi shida ba zai ɗauke shi ba, ga shi rubutun Ya Kyari manya-manya ne kamar sawun agwagwa. Washegari da aka aike shi kasuwa na zaro littafin daga ƙarƙashin katifarsa na kai wa Ladi bayan sun dawo daga coci. Ta duba ta ce abin da ke ciki shi ne, wanda ya jefa ɗaya a mashigi zai jira zagaye guda. Shi ke nan. Ta ce mu tara yara mu tona masa asiri. Na ce a'a. Na san yadda za ta kaya: zai ce idonsa ne ya yi kuskure, a yi dariya, a ba ni sabon kati, maharbina kuma yana nan a yage gida huɗu. Na roƙe ta ta yi shiru, na mayar da littafin inda yake.

Asabar ta gaba na zo na zauna kamar ba abin da ya faru. Na karɓi sabon kati, wani mai jaki da ba shi da zane ko ɗaya. Haka na ƙare damunar. Muna noma a gonar gyaɗarmu ta Khaddamari, ina duƙe da fartanya, ina maimaita maganar da ya karanta kalma bayan kalma don kada ko ɗaya ta ɓace mini. Babana yakan ce mini a wurin aiki, "In ka shafa gam, kada ka taɓa, bar shi ya kama." To, na bar shi. Littafin dama na makaranta ne mai arha, danshi ya kumbura shi, akuya ta ci gefe guda, shafuka suka fara zubewa. Bayan an gama roron gyaɗa Ya Kyari da bakinsa ya ce in zana sabo.

Baba Ishaku yana da tafireta a gida, ran Asabar da hantsi yakan buga wa mutanen unguwa wasiƙu a kan wani tebur mai rawa. Na gyara masa ƙafar teburin ba tare da ya sa ni ba, sannan na durƙusa na faɗi buƙatata. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce in kawo tsari, shi bugawa ce tasa. Na nuna masa da yatsa inda kowace doka za ta zauna, da filin da zai bar mini a hagu, da filin ɗinki a tsakiya. Ladi tana karanto masa daga tsohon littafi, yana bugawa da takardar kabon, uku a bugu ɗaya. Sau biyu ya buga, ya zama shida, kowa da nasa. A filin hagu na zana wa kowace doka hotonta: rijiya, ɗan fashi, jaki, don wanda bai iya karatu ba ma ya san inda ake. Lambar da ke jikin akwati ita ce a jikin taswira. Da aka zo kan mashigi sai na ce Ladi ta dakata, wannan ni zan faɗa. Na zubo maganar Ya Kyari yadda ya yi ta, ban rage ba ban ƙara ba. Layi takwas ta ci. Na kewaye ta da baƙin zane mai kauri, na zana kada da baki a buɗe, sau shida, kowanne da haƙoransa. Na sa ta a shafin tsakiya, inda zaren ɗinki yake, yadda in ka ajiye littafin da kansa zai buɗe a nan. Taswirar ma na sabunta ta. Falken Ya Kyari ya riga ya sayi babbar mota, ba ya iya bin hanyar ƙafa ta daji kamar sauranmu. A sabon zanen sai na lanƙwasa kogin, ya ratsa hanyar mota sau uku.

Ranar da na raba littattafan Ya Kyari ya yi ta shafa nasa yana murna, bai taɓa ganin maganarsa da rubutun inji ba. Sai littafin ya buɗe a tsakiya. Na ga leɓensa yana motsi, na ga ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. In ya ce dokar ba ta cikin tsohon littafi, to ya faɗi abin da ya yi mini ke nan. Ya rufe ya ce aiki ya yi kyau.

Daga nan sai jira. Na yi tunanin in huda ɗan lidon in cusa masa ƙaramar ƙusa don ya riƙa faɗawa a ɗaya, kuma da na yi ba wanda zai gane. Ban yi ba, ba don tsoron Allah ba a lokacin, sai don ina so ya rasa abin kamawa. Amma doka ba ta san wanda aka haƙa wa ramin ba. A Asabar ta uku masuncin Yohanna ya jefa ɗaya a mashigi. Yaro ne ɗan shekara bakwai, ya rungume katinsa yana kuka yana cewa zai jira zagaye goma. Aka yaga. Ladi ta same ni a bakin famfo ta ce abin ya isa, in cire shafin nan, ƙanenta bai yi mini komai ba. Na ce mata zan zana masa wani masuncin da ya fi wancan kyau, kuma na zana, amma shafi yana nan. Sati biyu ba ta yi mini magana ba.

Ya Kyari ya yi ta kewaye-kewaye. Falkensa ya yi ciniki a wannan ƙauye, ya yi jinya a wancan, har 'yan biyu suka fara yi masa tsiya suna cewa motar Alhaji ta zama rumfar shayi. Dole ya taso. Ya haye mashigi na farko da biyar, na biyu da uku. A Asabar ta goma sha tara, ana zafin bazara, ko ganye ba ya motsi, ya zo na uku. Ya hura wa ɗan lido iska ya jefa. Ya gangara ya bugi guntun bulo ya tsaya a kan ɗaya. Nan take ya gyara murya ya fara cewa ai a wannan mashigin gwamnati ta gina gada. Bai kai ƙarshe ba littattafai biyar suka buɗe a kan tabarma, kada biyar suna kallonsa. Yohanna ne ya fara dangwala yatsa a kan nasa. Ya Kyari ya ce wannan doka ta yi tsanani, kuma shi da ya ƙirƙiri wasa yana da ikon sassauta ta. Na ce, "Ya Kyari, kai ka karanta mana ita da bakinka. Ni dai wuri na yi mata." Ya daɗe yana kallon katin falkensa, mai mota da zane goma sha huɗu. Ni na zana masa shi, har da rawani. Ya raba shi biyu ya yar, ya yunƙura zai tashi. Na tsince guntayen na miƙa masa na ce nawa huɗu aka yi. Ya karɓa ya cika. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa shan ruwan randa da ya kai na ranar daɗi ba.

Bai ƙara zama a tabarmar ba. Ladi ta karɓi ba da labari, daga baya ni ma na gwada. Dokokinmu a tsare suke, ba mai iya cutar wani, amma in Ladi ta ce ga 'yan fashi, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Kafin wata guda 'yan biyu sun koma ƙwallo. Shekarar da ta biyo Ya Kyari ya tafi makarantar kwana, su Baba Ishaku suka tashi zuwa Bulumkutu, littattafan kuma aka yi ta yagar su ana ƙunshe ƙosai.

Yau na haura hamsin, ina da shagon kafinta nawa, kuma shekara uku ke nan ina zuwa ajin manya bayan la'asar, har na kai ga rubuta wannan da hannuna. Muna haɗuwa da Ya Kyari a wurin suna ko ta'aziyya, in gaishe shi da girmamawa ya amsa, ba wanda ya taɓa tayar da zancen. An sare dogonyaron an yi shaguna a wurin. 'Ya'yana a waya suke wasa, kowa shi kaɗai a lungunsa, dokokin suna can ciki inda ba mai ganinsu, in an kashe mutuminka ba ka da wanda za ka tuhuma. Wani lokaci in ina jan layi a kan katako nakan ji muryar nan tana cewa rana ta take, rijiya ta ƙafe, ga ƙura ta taso daga gabas, me za ku yi? Har yau ban yi nadama ba. Sai dai tun daga ranar ba wanda ya sake kai ni Baga.