Tafin Goggo a Kan Lasifika

Goggona, ƙanwar babanmu, ta shekara ashirin da shida tana ɗaura wa lasifika yadi, amma ba ta taɓa jin ƙarar ko ɗaya ba. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara biyar. Da hannu take magana, kuma in faɗa ya tashi, hannun nan ya fi bakin kowa kaifi.

Teburinta na can ƙuryar shagon Mai Gyara, bayan tulin rediyoyin da masu su suka manta da su. Kafinta zai kawo firam ɗin katako, ita kuma ta yanko baƙin yadi shara-shara, ta hura iska ta cikinsa zuwa bayan hannunta. In iska ba ta wuce ba, sauti ma ba zai wuce ba, sai ta ture shi gefe. Ta shafa gam, ta ja yadin daga tsakiyar kowane gefe, kusurwa sai ƙarshe, ta bi da ƙananan ƙusoshi. Ko 'yar tattara ta gani, sai ta ɓamɓare duka. Mai Gyara ya sha mita kan ɓarnar gam. Ita kuwa sai ta juya masa ƙeya, magana ta ƙare.

Ɗanta ɗaya ne, Dogo, direban babbar mota. Bara ya yi hatsari a wani gari mai nisa. Ya rayu, amma fuskarsa duk ɗinki, ya hana a ɗauke shi hoto don kada uwarsa ta gani. Muka gaya mata yana samun sauƙi. Ta dube mu ɗai-ɗai, ta nuna mana da hannu cewa ya mutu, ɓoye mata muke yi. Ban ga laifinta ba. Lokacin da mijinta ya rasu a asibiti, sai da muka yini muna ce mata barci yake.

Ta daina cin abinci. Tana zuwa shago, amma yadin ya fara fitowa a karkace, ba ta ma lura. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Ran nan da hantsi Mai Gyara ya kira ni. "'Yata, ce wa Dogo ya turo saƙon murya. Ya yi wa uwarsa magana, ko me ya ga dama."

"Baba, ai ba za ta ji ba."

"Ke dai kawo wayar."

Ya jona ta da lasifika mafi girma a shagon, ya ƙure ƙarar har ƙusoshi suka hau rawa a gwangwani. Na kamo hannun Goggo na ɗora kan yadin. Ta fizge, don ta tsani a taɓa mata aiki. Na sake ɗorawa. Sai ta tsaya cak.

Ashe tun yana yaro, in Dogo zai yi magana, tafinta take sawa a ƙirjinsa. Yana da in'ina, sai ya sarƙe sau uku kafin kalma ta fito. Na ga yatsunta suna ƙirgawa a kan yadin: ɗaya, biyu, uku.

Sau huɗu ta sa aka maimaita. Sannan ta share ido da bakin zane, ta juyo ta harare ni, ta yi magana da hannu: "Shi ne. Amma muryarsa ba ƙarfi. Wa ke ba shi abinci a can?"