Baba Mai Lilo da Birkin da Ya Ƙi Fincikowa

Kafin a buɗe ƙofar wurin wasan yara, Baba Mai Lilo ya riga ya zagaye injinsa. Ginshiƙin ƙarfe ne a tsakiya, da babban faifai a samansa kamar laima, kujeru na reto a jikin sarƙoƙi. Yakan bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shafa da babban yatsa, ya girgiza, ya sa giris. Sai ya ɗora buhunan yashi a kujerun, ya kunna, ya tsaya yana saurare.

"Baba, fasinjojinka na safe ko ihu ba sa yi," mai gadi kan ce masa.

"Su kaɗai ne ba su taɓa yi mini amai a takalmi ba."

A ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, gwiwoyi sun gaji. Yaran da ya fara ɗorawa su ne yanzu ke kawo nasu 'ya'yan.

Baba tsoron injin nan yake, kuma yana da hujja. Duk abin da ke zagaye, ko da gudunsa bai ƙaru ba bai ragu ba, kowane lokaci karkatar da shi ake yi daga inda ya nufa. Jiki so yake ya wuce miƙe. Sarƙa ce ke jawo shi zuwa tsakiya ba hutu, kuma idan gudu ya ninka, jan da ake bukata ya ninka huɗu. In sarƙa ta saki, yaro zai tafi ne kai tsaye inda fuskarsa ke kallo a wannan lokacin. A wurin Baba, abin da ke can shingen ƙarfe ne da filin ajiye motoci.

Shekaru da dama da suka wuce, wata ranar hutun makaranta da la'asar, kujeru cike, lilo ya kai cikakken gudunsa, sai Baba ya ji ƙas. Ƙara ce ƙarama, kiɗa da ihun yara sun kusa danne ta, amma ya san akwai matsala tun kafin ido ya gani. Ƙugiyar ɗaya daga sarƙoƙin gaba na wata kujera ta tsage daga ciki, inda yatsa ba ya kaiwa. Kujerar ta kife gefe. Yarinyar da ke ciki, 'yar firamare, ta zame, ƙarfen da ake gittawa a cinya ya tare cikinta, ƙafafunta suna reto a iska.

Baba ya kashe wuta. Ya kama hannun birki, hannu bibbiyu.

Wani mutum ya tsallake shinge ya faɗo rumfar da Baba ke tsaye. "Tsayar da shi. Malam, 'yata ce, tsayar da abin nan."

"Ina tsayarwa."

"Ja shi gaba ɗaya mana. Kurma ne kai?"

Baba ya san abin da jan gaba ɗaya zai yi. Faifai zai tsaya cak, kujeru ba za su tsaya ba. Za su yi gaba da gudunsu, su fizgi sarƙoƙi, su gwabza da juna. Sarƙoƙin da suka rage wa yarinyar suna ɗauke da ita ne don jan bai canza ba, fizga ɗaya ta ishe su. Ya ɗan matsa birkin, ya sassauta, ya ƙara matsawa.

Uban ya kai hannu zai finciko. Baba ya tare shi da kafaɗa. Mari ya sauka a fuskar Baba, leɓensa ya fashe, bai saki ƙarfen ba. Mai gadi ya rungumo mutumin ta baya. Wasu iyayen sun fara shiga fili da hannuwa a sama wai za su cafe ta, alhali kujeru na saukowa daidai kawunansu yayin da gudu ke raguwa.

"Fitar da su," Baba ya ce wa mai gadi. "Kowa baya."

Yarinyar kuwa tana wucewa ta gabansa, ta ɓace bayan ginshiƙi, ta sake fitowa. A kowane zagaye damar kalma ɗaya ko biyu yake da ita.

"'Yar Baba."

Ta wuce.

"Riƙe ƙarfen."

Duk sanda ginshiƙi ya rufe ta, Baba ba ya sanin ko kujera da mutum za ta fito ba ko wayam.

"Kar ki duba ƙasa."

Hannunta ɗaya ya suɓuce. Yatsun Baba suka so su ja, ya hana su.

"Mayar da hannun. Haka. Ni za ki duba."

Da gudu ya ragu, maganar ta ƙara tsawo. "Kin ga bakina ya kumbura? Babanki ne ya yi mini kwalliya. Riƙe dai, saura kaɗan." Takalminta ya fara jan ƙasa, ya tayar da ƙura, kujerar ta yi 'yar tangaɗi ta tsaya.

Mai gadi ya ce sai da ya ɓamɓare yatsun Baba daga hannun birkin ɗaya bayan ɗaya. Uban ya dawo da 'yar a kafaɗa, ya tsaya, ya kasa haɗa ido.

"Baba, ban san me zan ce ba."

"Je ka ba ta ruwa. Amma hannunka da nauyi, ka rage."

Bai sake kunna lilon ba sai da aka canza ƙugiyoyin duka, duk da ƙorafin manaja.

Baba, kai ne wanda aka yi wa ihu, aka zaga, aka mara, ka ci gaba da yin abin da ya kamata a hankali. Tsoro ya cika ka kamar kowa a filin, bambancin shi ne bai kai hannunka ba. Ba a buga labarinka ba, don babu gawa a ciki. Sarkin haƙuri, mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, a mota ne ko a kan inji, ya san cewa wata rana za a taru a kansa ana cewa ya yi sauri, kuma masu faɗin suna da gaskiyar firgita. Dole ne ya san aikinsa tun kafin ranar, yadda zai iya cewa a'a da jini a baki.

Yarinyar ta girma. Tana da tabo a cikinta inda ƙarfen ya tare ta, ba ta sake hawa lilo ba, kuma da ƙafafunta biyu take tafiya.