Ranar da Sarkin Ruwa ya roƙi shanu

Jama'a, yau na ga abin da ban taɓa gani ba tun zamanin Turawa!

Da hantsi wasu masu sayen fatu suka wanke gangunan maganin fatu mai dafi a tafkinmu na Danchadi. Nan take kifaye suka soma tasowa ciki sama! Sarkin Ruwa, wanda kullum yake korar shanun Arɗo daga tafkin, ya sheƙa rugar Arɗo.

"Arɗo, agaji! Laka ita ka riƙe dafin ga. Koro shanu su dama ruwan!"

Arɗo ya yi dariya. "Yau kuma ƙazaman shanuna kaka biɗa?"

Sai da ya shayar da su a rijiya, don kada su kurɓi dafin, sannan ya kora su ciki. Ruwa ya yi jawur. Kafin la'asar kifayen da suka rage suka farfaɗo!

Na baro Sarkin Ruwa durƙushe bakin rijiya, yana wanke wa shanun ƙafafu.