Saniyar da Ba Ta da Tozo

Ni fa ba ni na ce ina son aikin nan ba, jefa ni aka yi. Har yau in na ji warin fenti da kananzir, sai na tuna yadda Inna ta sayar da ni ga ƙanenta ba tare da ta tambaye ni ba.

Lokacin muna unguwar Kwararafa a Jos, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ina da kamar shekara goma sha biyar, na yi aji uku a elemantare, ni da malamin muka gaji da juna, muka rabu lafiya. Aikina yawo da gawayi a aljihu. Duk katangar da ta yi fari a unguwa, sai ka wayi gari ka ga hancin mai unguwa a jikinta. In na gaji, na je na zauna wurin wani Bayarabe mai yi wa manyan motoci zane. Shi ya nuna mini yadda ake haɗa launi, kuma a wurinsa na ga ana kwaikwayon hoton da ke jikin gwangwani da kwalin sabulu.

Baba heluma ne, wato shugaban leburori, a filin haƙar kuza. Da damina ta kusa ƙarewa ya ce shi kenan, zan bi shi in je in ɗauki kwanon ƙasa a ka. Na taɓa ganin masu aikin nan, ƙafa cikin ruwan sanyi tun asuba, wuya ya shige cikin kafaɗa. Ni da ko tulu ba na ɗauka sai an yi rantsuwa.

Sai Inna ta je ta ce wa Kawu, wanda yake mahauci a kasuwa, ai ɗanta ya ƙware a zane, ya ba shi ya yi masa allon rumfa. Baba ya ce ya yarda, amma in allon bai yi ba, ran Litinin in shiga motar filin kuza.

Na samo katako, na roƙi ragowar fenti, na ɗauko gwangwanin madara na kafa a gabana. Saniyar da ke jikinsa na kwafa tsaf: baƙi da fari, gajeren ƙaho, baya a shafe kamar tebur, hanci ja-ja. Na duba na ce ko Gwamna ya gani sai ya sara mini.

Aka rataya. Ranar farko mahauta suka yi ta dariya har wani ya yanke yatsa. Rana ta biyu dariya ta ƙare, don wata mata ta tsaya ta ƙare wa allon kallo, ta ce wannan abu mai jan hanci ba tozo ba ƙahon kirki, ita dai ba ta ce komai ba, amma ya yi kama da abin da ba a faɗin sunansa. Kafin azahar magana ta zaga kasuwa cewa Kawu ya fara kawo naman alade. Mutumin da bai taɓa rasa sahun farko a masallaci ba. Naman ya kwana, ƙuda ne kawai suka yi ciniki.

Washegari da la'asar Kawu ya shigo gidanmu da allon a ka, ya jefar a tsakar gida. Na ce wallahi saniya ce, akwai irinta a Vom, Turawa suka kawo, a je a gani. Kawu ya tambaye ni ko Turawan Vom ne ke sayen namansa. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce wa Inna ta wanke mini kayana.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana gefe tana yi wa ƙwarya zane da wuƙarta mai zafi. Mijinta take ce mini, ni kuma ina ce mata tsohuwar da ta ƙi mutuwa. Ta ɗago ta ce a ba ta ni kwana uku.

Da safe ta tasa ni gaba har kara, inda ake sayar da shanu. Ta laluba aljihuna ta kwashe gawayin. Ta ce, "Mijin banza, shekara goma sha biyar kana cin nama, ba ka taɓa kallon mai naman ba. Zauna."

Na zauna kan dutse, sanyin Jos yana cin kunnena, warin kashin shanu yana shiga har wuya. Da farko ƙorafi nake. Can sai na fara gani. Ashe tozo ba a tsaye yake ba, yakan ɗan kwanta gefe, yana rawa in sa ya taka. Ashe farin sa ba fari ba ne, akwai toka-toka a wuya, da baƙi a bakin kunne da gefen ido kamar an sa masa kwalli. Fatar ƙarƙashin wuya tana reto kamar babbar riga. Ta sa na shafa, wani Bafulatani yana yi mini dariya. Sai da rana ta take ta mayar mini da gawayina.

Kwana biyu na yi a kan allon. Farin bijimi, ƙaho ya buɗe kamar mai addu'a, na kewaye shi da irin zanen da take yi wa ƙorai, don shi hannuna ya fi sani. Da aka rataya, na laɓe bayan rumfar mai gishiri. Sai ga matar nan. Ta kalla, ta kalla, ta ce wa Kawu ya yanko mata tozo irin na wancan.

Yanzu yara a kwamfuta suke yi, su ɗauko hoto daga ko'ina su manna, minti biyar an gama. Kwanan baya na ga tsohuwar saniyata ta gwangwani a allon wani mai tsire a Dutse Uku, ba wanda ya ce uffan. Na tsaya ina dariya ni kaɗai.

Amma a waccan ranar da aka rataya bijimin, magana ba ta mutu a kasuwa ba. Da muka koma gida Baba ya ce ya ji an yaba, sai dai shafe-shafe ba sana'a ba ce, namiji da ƙarfinsa yake ci. Kawu yana sosa ƙeya, ni kuwa na fara jin nauyin kwanon nan a kaina.

Kakata ba ta ko ɗago daga ƙwaryarta ba. Ta tura wa Baba guntun gawayi da ƙafa.

"Yaro ya rufe wa mahauci kasuwa da fenti, ya kuma buɗe ta da fenti, ka ce ba sana'a ba. To kai mai ƙarfi, ga bango nan. Zana mini ko akuya."

Ran Litinin mota ta tafi babu ni.