Layi na Goma Sha Biyar

Gwaggo Marlis Imboden tela ce. Shekara arba'in ta yi tana rage tsawon wando da ƙara faɗin siket ga mutanen Rietmoos, a ɗakinta na ƙasa mai kallon tashar bas. Amma in ka ambaci sunanta a garin nan, ba ɗinki za a fara tunawa ba, sai Takardar Toka.

Ni nake raba wasiƙu a unguwarsu, kuma gidanta ne zangona na ƙarshe kafin rana ta raba. Takan zuba mini kofi ta koma kan keken ɗinkinta tana magana, ni kuwa ina saurare. A haka na san abin da na sani.

Sau huɗu a shekara muke jefa ƙuri'ar raba gardama, kuma kowane karo gwamnati takan aiko da jan littafinta na bayani. Marigayi mijinta bai taɓa wuce shafi na uku ba, sai ya ture shi ya ce, "Marlis, faɗa mini a taƙaice." Daga nan abin ya samo asali. Da farko shi kaɗai take taƙaita wa, sai maƙwabta, sai masu kawo ɗinki, har ya zama falle ɗaya da ake bugawa a saka a kowane akwatin wasiƙa. Ruwan toka ta zaɓa, domin duk wani launi mai kyau wata jam'iyya ta riga ta ɗauke.

Dokokinta biyu ne. Masu "e" layi goma sha huɗu, masu "a'a" layi goma sha huɗu, kuma da tef ɗin ɗinki take auna su, kada wani ɓangare ya fi ɗan'uwansa ko da faɗin farce. Ta biyu, ba ta sa kalmar da mai magana bai furta ba. Takan kira jagoran kowane ɓangare, ta ji ta bakinsa, ta rubuta, ta karanta masa, ta ce, "Haka ka ce?" In ya amsa, ya sa hannu a bayan takardar. Ita kanta babu wanda ya san inda take jefa tata ƙuri'ar.

Shekaru da yawa ƙuri'un ƙasa da na jiha kaɗai take taɓawa. Shekara biyu da suka wuce ta ce za ta haɗa da na gari, su famfon makaranta da kwalbatin bayan kasuwa, tunda su babu mai yi wa mutane bayaninsu. Baba Gottlieb, tsohon direban motar madara, wanda suka yi firamare tare, shi ya fara hana ta.

"Ke Marlis, kin tsufa kin ƙi zama. Maganar ƙasa daban, ba ki san kowa a can ba. A garin da kika ɗinka wa kowa wando, ina za ki sami tsakiya ki tsaya?"

"Tsakiyar ai da tef ake nemo ta," in ji ta. "Ɗaga ƙafarka daga kan yadina."

Ta yi, kuma ya tafi daidai har sau bakwai. A na takwas ne majalisar gari ta kawo maganar maƙabarta.

Kabari a nan shekara ashirin da biyar yake yi, sannan a cire dutsen da ke ɗauke da sunan mamaci, a share jerin kaburburan a ba wasu. Majalisa ta ce wuri ya ƙare, gangaren baya kuma yana zaftarewa, don haka a mayar da wa'adin shekara ashirin. In aka amince, jeri biyu za a share a watan Afrilu. A jeri na biyun Linus yake, ɗanta tilo, wanda kogi ya ci yana da shekara goma sha tara. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da binne shi. Saura huɗu take lissafin tana da su, kuma kowace Asabar tana can da butar ban ruwan furannin kabarinsa.

Da na kawo mata takardar majalisar, ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa ƙarƙashin almakashi. Ban ga komai a fuskarta ba. Ta ce, "Kofinka zai huce, ɗan nan."

Jagoran masu "e" Malam Severin Odermatt ne, ɗan majalisa, mutum mai kunya. Ya zo yana juya hularsa a hannu.

"Gwaggo, da kin bar wa wani wannan karon. Ba wanda zai ga laifinki."

"Wa zan bar wa? Zauna ka faɗi naka."

Ya yi ta kame-kame, yana sassauta kowace magana saboda ita. Ta ajiye biro. "Malam Severin, ba ta'aziyya ka zo ba. Bara ina kuka binne matar mai gidan burodi?"

"A garin maƙwabta."

"Me ya sa?"

"Babu wuri."

"Mijinta fa, yaya yake zuwa?"

"Bas biyu yake hawa. Ga ƙafa ba lafiya."

"To, faɗe shi da bakinka in rubuta."

Ya faɗa, ta rubuta. Da ta karanta masa layinsa goma sha huɗu, sai ya amsa cewa haka ne. Ya ce ko shi bai iya tsara ta haka ba. Ya sa hannu ya fita bai sha kofinsa ba.

Masu "a'a" kuwa Baba Gottlieb ne jagoransu, kuma shi hujjarsa duk faɗa ce. Ranar Alhamis ina zaune ya shigo yana buga sanda.

"Rubuta! 'Yan majalisa marasa kunya ne!"

"Wannan zagi ne, ba hujja ba."

"To rubuta, a gyara gangaren, a sayi filin da ke gefe. Alkawarin ashirin da biyar aka yi wa mutane, ba a canja magana bayan mutum ya kwanta."

"Yauwa, yau ka yi hankali."

"Ni na fi ki hankali tun muna aji uku."

Suka yi awa guda a haka. Ta gyara, ta sake gyarawa, sannan ta shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe ta jawo tef daga wuyanta. Ta Baba Gottlieb ta ɗara da layi ɗaya. Ta sake aunawa, haka dai. Ta bi da yatsa har ƙasa, ta tsaya. Ita ma kamar ba ta san lokacin da hannunta ya rubuta shi ba.

Baba Gottlieb ya fizge takardar ya karanta da ƙarfi: "Akwai iyayen da har yanzu suke zuwa kowace Asabar."

Ya sauke takardar.

"Wannan shi ne maganar," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Cire na filin, ki bar wannan. Duk garin nan sun san wa ake nufi. Ko Severin a'a zai jefa."

"Ba kai ka faɗa ba."

"To ga shi na faɗa yanzu! Ɗan nan, ba ka ji na faɗa ba?"

Na ce na ji.

"Daga takardata ka karanta," in ji ta. "Nawa ne, ba naka ba."

"Haba Marlis! Linus ne fa."

"Na san ko wane ne, Gottlieb. Ni na haife shi."

Ta ɗauki almakashi ta yanke layin, siriri kamar zare, ta jefa a kwandon ƙyalle. Ta sake aunawa. Ta karanta masa goma sha huɗun ba tare da muryarta ta hau ko ta sauka ba, ta ce, "Haka ka ce?" Ya kira ta mai taurin kai, ya ce zuciyarta ma da tef aka auna ta. Amma ya sa hannu.

Ni na raba takardar a gida ɗari shida da ke hanyata. Na karanta ta a cikin mota kafin in fara. Babu yadda za ka gane wadda ta rubuta tana da kowa a jeri na biyu.

Ranar Lahadin ƙarshen Nuwamba aka ƙirga. Masu "e" suka yi rinjaye da ƙuri'a tara. An ce Baba Gottlieb ya tsaya gaban allon sanarwa yana lissafa mutanen da layin nan zai juya, ya kai goma sha biyu, ya tofar da yawu ya tafi gida.

A Janairu wasiƙar ta zo, mai tambarin gari. Na san abin da ke ciki, don irinta ashirin da shida na raba a makon. Iyali su ɗauke dutsensu kafin ƙarshen Maris, in ba haka ba gari ya ɗauke. Na ajiye tata a ƙarshe, na miƙa mata hannu da hannu. Ta karanta, ta sa ƙarƙashin almakashi.

Na ce, "Gwaggo, da kin bar layin."

"Da na bar shi, gobe wa zai yarda da takardar ƙuri'a mai zuwa, ta sayen motar kashe gobara?" Ta jawo yadin da ke gabanta. "Ban ma sani ba, ɗan nan. Ba na jin komai. Na jira in ji, shiru."

Ranar Asabar ta roƙe ni in raka ta maƙabarta. Dusar ƙanƙara ta rufe jerin, sai kawunan duwatsu. Ba ta zo da buta ba. Ta share dutsen da hannun rigarta, ta ciro tef, ta ba ni bakinsa in riƙe. Ta auna faɗi, ta auna tsawo, ta rubuta a bayan wata tsohuwar Takardar Toka.

"Zai shiga tsakanin ƙofar bayan gidana da randar fure," in ji ta. "Da ɗan saura."

Ta naɗe tef ɗin ta rataya a wuya. A hanyarmu ta fita ta ce in na bi ta gidan Baba Gottlieb ran Litinin, in ce masa ya zo Alhamis, shi ne mai "a'a" a maganar motar, kuma ya bar sandarsa a waje.