Zaɓin Ramata a layi na farko

Bahago Illiya bai wuce aji na uku a kwaleji ba, amma a unguwarsu babu wanda ya kai shi sanin abin da ake karantawa a jami'a. Shekara goma sha tara yana da rumfar buga takardu kusa da babbar kasuwar Agadez. Da zarar sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, iyaye sukan kawo masa ƴaƴansu ya cika musu dosiye, takardun neman shiga jami'a. Yana da wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, inda ya jera kowace fakilte, wato sashen jami'a, da garin da take, da shekarun karatunta. Abu guda yake nanata wa kowa: takardar zaɓin karatu layi uku gare ta, kuma na farko ake fara dubawa.

Bana ƴarsa Ramata ta ci bak. Ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa take so, wanda ake koyarwa nan Agadez. Uwarta ta ce aikin jinya. Wan Bahago, Haruna, mai fataucin gishirin Teguidda, ya aiko cewa shari'a za ta karanta.

A gidansu ba a sa maganar ƙane gaban ta wa, balle ta ƴa. Bahago ya buga shari'a a sama, jinya a tsakiya, na Ramata a ƙasa. Ramata ta karanta, ta ajiye. Kwana huɗu takardar tana cikin aljihun tebur bai kai ta ba.

Ranar Alhamis, ana gobe rufe karɓar dosiye, ya ɗauki kayen ya tafi wurin Haruna. Bai roƙi komai ba. Karanta masa ya yi, fakilte bayan fakilte, har ya kai ga na Ramata.

"Shi wannan me suke yi?" in ji Haruna.

"Su ke faɗin inda za a tona, Yaya. Ruwa, gawayin ƙasa, gishiri."

"Ashe ana zama aji don wannan? Rami nawa mutanenmu suka tona a banza."

Haruna ya karɓi kayen yana juya shi.

"Sa nata a sama. Amma nawa ya zo gaban na uwarta."

Bahago ya koma rumfa ya sake bugawa. Da safe Ramata ta kai dosiyen da kanta.