Taswirar da ta kusa kai ni Kamba

Shekarun baya, baya ƙwarai, tun ba a yi gada a kan Kwara ba, tun mai son ƙetarawa Dahome sai ya zauna a gaɓa ya jira mai jirgi, aka ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Tanda aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Gaya. Ba don an ga ina da kai ba. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, shi ne ya aiko wa maigari ya ba da yaro ɗaya. Maigari ya dubi ƴaƴansa ya ga duk yana son abinsa, ya leƙa waje ya hango ni ina bin awaki. Mahaifiyata ta yi kuka kamar ba zan dawo ba. Mahaifina kuwa ya naɗe tsohon bargonsa ya ɗora mini a ka.

Malaminmu, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, mutumin Dahome ne daga can bakin teku. Dogo ne siriri, da wata farar malafa irin ta Nasara wadda ba ya rabuwa da ita. Hausarsa a karye take. Namiji ya ce masa "ke", mace ya ce mata "kai", mu kuwa mu sunkuyar da kai muna cizon leɓe. Yana da bulala a rataye, amma na fi tunawa da ita tana korar kaji daga aji fiye da sauka a bayan wani.

Cikin duk abin da yake koya mana, labarin ƙasa ya fi so. Yana da wata babbar taswira, shi karti yake ce mata, wadda ɓera ya ci kusurwarta ya tafi da rabin teku. Ranar da ya fara warware ta a bango, ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba ya ce Gaya ke nan. Babu wanda ya yarda. Abokina, ɗan masunta, ya ce kogin da yake gajiyar da ubansa kafin ya kai wancan ƙetare ba zai zama zare ba. Wani ya tambaya me ya hana ruwan zubowa ƙasa tunda gangarowa yake yi daga saman bango. Ni kuwa na ɗaga hannu na ce a nuna mini garinmu. Mushe ya duba, ya sake dubawa, ya ce babu. Abin ya yi mini ciwo har na ƙi cin tuwo a ranar, ko da yake daga baya na je na kankare tukunya.

Da ya ga surutu ba zai fisshe shi ba, wata safiya ya tasa mu gaba muka hau dutsen da ke bayan gari. Da muka kai sama ya ce kowa ya manta shi mutum ne, yau shaho ne. Muka duba ƙasa. Ga ɗakuna kamar an kikkifa ƙore, ga rumfunan kasuwa, ga Kwara ta lanƙwasa tana ƙyalli, ga tsibirai shar da shinkafa, ga jirage kamar ɓawon gyaɗa. Abokina ya gano gidansu, har ya hango mahaifiyarsa tana shanya kifi, ya dinga ƙwala mata kira yana jin haushin ta ƙi waiwayowa. Mushe ya ba kowa kara ya ce mu zana abin da muke gani a kan rairayi. Ya tambaye mu ina muke fuskanta in za mu yi salla, muka nuna, ya ce to mu fara sa gabas a wurinta, sauran kusurwoyin za su bi.

Tun daga ranar abin ya shige ni. Na zana ajinmu, na zana gidan tsohuwar da nake zaune wurinta, na zana kasuwa har da inda mai ƙosai take zama. Da hutun damina ya zo, Mushe ya raba mana takarda da alƙalamin gawayi ya ce kowa ya zano garinsu yadda shaho yake ganinsa. Ya dafa kaina ya ce, "Ke da kika ce babu garinku a karti, to ki sa shi."

Garinmu ba dutse, don haka na hau tsamiyar da ke tsakar gari. Abin da ban lissafa ba shi ne, wanda ke kan tsamiyar nan yana ganin cikin kowane gida. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana wanka a bayan zana ta ɗaga kai ta gan ni a reshe da takarda. Ban san tsohuwa na iya jifa haka ba. Muciyarta ta wuce ta gefen kunnena, zaginta kuwa ya kai har kakannina.

Wannan bai sa na daina ba. Na bi gari ina tambaya rumbun wane ne wannan, gonar wa ce waccan. Har wata siririyar hanya da ke ratsa cikin giginyu ta ɓulle a fadama, ita ma na sa ta, ina jin daɗin ban bar kome ba. Hanyar nan kuwa ita samarin gari suke bi su ɓuya duk lokacin da dogaran kumandan suka zo ɗibar mutane aikin hanya. Kowa ya san ta, ba wanda yake faɗinta.

Maigari ya aika a kira mahaifina, aka ce ya zo da takardar. Dattawa suka riƙa miƙa wa juna, wasu a juye suka riƙe ta, amma ba wanda bai gane rumbunsa ba, don na zana su zagaye-zagaye kowanne a inda yake. Da aka zo kan hanyar giginyu sai aka miƙa wa maigari takardar. Maigari ya ce an mai da yaro idon Nasara. Wannan takarda in ta shiga hannun kumandan, ya san inda hatsi yake, ya san inda samari suke. Aka yanke shawara a tura ni Kamba, ƙasar Ingilishi, wurin ƙanen mahaifina, a ce wa lakwal na gudu. Kowa ya san in aka yi haka mahaifina zai iya kwana a gidan kaso, amma ya ce ya ji, gara hakan da a ce ɗansa ne ya tona asirin gari.

Ni ina raɓe a bayan zana ina ji, hawaye na zuba. Ina son lakwal, amma yaro ba ya buɗe baki a wancan zamani ya ce yana son abin Nasara.

Mahaifiyata, wadda ta fi kowa kuka ranar da aka ɗauke ni, ita ce ta ƙi. Ta ce wa mahaifina, "Malam, Gaya ina zuwa ranar kasuwa in gan shi in kai masa ƙuli. Kamba wa zai kai ni?" Ya ce magana ta riga ta fita daga bakin manya. Ranar kasuwa ta ɗauki ƙwaryar shinkafarta kamar kullum, ta isa Gaya, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan Mushe. Yadda suka fahimci juna, ita da Hausa da ɗan abin da ta iya na yaren Dendi, shi da Hausarsa mai ɗingishi, har yau ban sani ba.

Ba a jima ba, wata hantsi yara suka shigo gari da gudu suna cewa ga wani dogon mutum a kan jaki. Mushe ne. Ƙafafunsa suna jan ƙasa, wandonsa ya sha taɓon fadama har gwiwa, don jakin ya kayar da shi a hanya, amma malafar tana nan fes a kansa. Ya sauka a ƙofar maigari, ya cire takalmi, ya durƙusa yadda ya ga ana yi, ya ɗaga murya ya ce, "Ranki ya daɗe."

Dattawa suka dubi ƙasa. Wani ya toshe baki da hannun riga. Maigari ya yi ta maza, gemunsa yana rawa, can dai dariya ta ƙwace masa, zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Mushe bai san abin da ya yi ba, shi ma ya taya su. Aka kawo masa ruwa da fura.

Da aka natsu aka miƙa masa takardar. Ya daɗe yana dubawa, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce shi ne bai yi tunani ba da ya ba yara wannan aiki, bai san abin da zai jawo ba. Ya tashi ya sa takardar a hannun mahaifina ya ce, "Naki ne. Ki ƙone, ki ajiye, duk ɗaya. Ni yaro nake so ya iya. Kumandan bai aike ni ba."

Maigari ya tambaye shi, to in ba don kumandan ba, mene ne amfanin zana ƙasa, tunda kowa ya san hanyar gidansu. Mushe ya ce a fito fili. Ya karɓi sandar wani ya ja dogon layi a ƙasa ya ce Kwara ke nan. Ya ajiye ƙwallon giginya ya ce Gaya, ya ajiye wani ya ce Tanda, ya ajiye na uku ya ce Bengou. Wani dattijo mai fataucin gishiri ya ce a'a, Bengou ta matso da yawa, ya sa ƙafa ya tura ta. Wani ya ce ya tura ta fiye da kima, ya dawo da ita. Shi ke nan, aka ɓarke.

Ban taɓa ganin dattawan garinmu haka ba. Masu furfura sun tattare riguna sun tsuguna suna gardama a kan ƙwallon giginya. Aka aika a ɗebo toka aka zuba a layin kogi. Aka sa Kamba, aka sa Ilo, aka ƙetare aka sa Kandi. Wasu ƴan'uwa biyu suka kusa dambe a kan iyakar gonarsu, wadda duk faɗinta a zanen bai kai tafin hannu ba. Tsohuwar nan mai muciya ta ratso maza ta ce ba za a tashi ba sai an sa gonar kuɓewarta, kuma aka sa. Mushe ya koma gefe yana shan fura, ni yake turawa in gyara kusurwa in an karkace.

Can liman, wanda tun farko bai sa baki ba, ya ce to ina Makka. Mushe ya dube ni ya ce in nuna.

Na tuna kartin bango, na tuna inda Mushe ya taɓa nuna mana da sanda a kan bangon kansa, don takardar ba ta kai can ba. Na ɗauki dutse, na fuskanci gabas na ɗan karkata hagu, na fara tafiya. Na fita daga zanen, na wuce tsamiya, na waiwaya, Mushe ya yi mini alama in ci gaba. Na wuce turken dokin maigari, na wuce dangar ƙarshe, sai da na kai bakin rijiya ya ɗaga hannu. Na ajiye dutsen.

Da na juyo, mutanen garinmu duk suna tsaye suna kallona daga nesa. Daga Gaya zuwa garinmu a zanen nan taku ɗaya bai cika ba. Liman ya tako a hankali har inda nake, ya dubi dutsen, ya waiwaya ya dubi ƙwallon giginyar da ke matsayin garinmu, ya ce, "Ashe haka mahajjata suke shan tafiya. Allah ya kai mu." Aka amsa da amin.

Kafin la'asar awaki sun bi ta kan ƙasar Dendin da aka zana sun watsa ta, yara sun kwashe garuruwan sun shanye. Aka ɗora Mushe a kan jakinsa da kaji biyu da damin gero, samari suka raka shi har ya wuce taɓo. Mahaifina ya zauna a ƙofar ɗaki ya yage gefen takardar da ke da hanyar giginyu ya jefa a murhu, sauran ya soke a jinka. Bai dube ni ba ya ce in hutu ya ƙare in koma lakwal, amma in ya ƙara jin na hau tsamiya sai ya karya ni. Mahaifiyata tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta ji ba.

Daga baya ni ma na zama mushe, na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa. Ban taɓa fara wa yara da takardar bango ba. Waje nake fitar da su, in ba su kara da duwatsu, in bar su su yi gardama. Na lura mutum ba ya damuwa da taswira sai ya ga gidansu a ciki, kuma in ya gani, zai so ya san abin da ke gaba da shi. Na kuma koyi tambayar kaina, kafin in aiki yaro ya zano wani abu, hannun wa zanen zai iya faɗawa.

Lokacin da aka fara tura ni aiki Damagaram, na je sallama. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Ya miƙo mini sandarsa ya ce in zana masa inda za ni. Na share ƙasa a gabansa, na sa garinmu, na ja layi na sa Damagaram. Ya sunkuya ya bi layin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗago ya dubi wajen da ya nufa, ta saman rumbunmu.

Mahaifiyata ta faɗa mini cewa bayan tafiyata ya sa an juya masa tabarmarsa ta ƙofar gida. Har ya bar duniya, in ya zauna da yamma, can wajen Damagaram yake fuskanta.